Aikatau "Get" Tsakanin Ingilishi da Faransanci: Tarken Hanyar da Ake Bi da Ɗalibi Bahaushe

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba kalma ɗaya tak ta Ingilishi, watau aikatau "get", da irin wahalar da take ba ɗalibi Bahaushe idan aka ce ya juya ta zuwa Faransanci. Mai yiwuwa wani ya ga abin ya yi ƙanƙanta da a kawo shi gaban taro irin wannan. To, amma duk malamin da ya taɓa gyaran takardun fassara ya san cewa dogayen kalmomi ba su cika kayar da ɗalibi ba, domin da ya buɗe ƙamus zai tarar da su da ma'ana ɗaya ko biyu. Ƙananan nan na yau da kullum, waɗanda yake ganin ya riga ya san su, su ne suke kai shi ƙasa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, a wannan fage Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci, kuma hanyar koyarwar da ta kori Hausa daga ajin Faransanci ta raba yaro da makamin da ya fi kowane amfani a gare shi.

Ba sai mun tsaya dogon bayani a kan muhimmancin Faransanci a Nijeriya ba. Maƙwabtanmu huɗu na kan tudu, watau Nijar da Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin, duk Faransanci ya yi kaka-gida a makarantunsu da ofisoshinsu tun zamanin mulkin mallaka. A 1991 aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry domin ɗaliban da ke nazarin harshen; a 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu, sa'an nan aka shigar da wannan cikin manufar ilmi ta ƙasa ta 1998. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ta wace gada yaro zai bi ya isa ga wannan harshe?

Misalan kurakuran da za mu kawo mun tsince su ne daga littattafan aikin yara a wasu makarantun sakandare na Tudun Wada, Kaduna, inda mukan je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Unguwa ce mai tarin jama'a, a nan babban mazaunin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna yake, kuma ban da Hausawa akwai Yarbawa da Nufawa da Barebari da mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, amma Hausa ce harshen kasuwa da na layi. Yaron wannan unguwa yakan shiga ajin Faransanci da harsuna uku a kansa: Hausar da ya tashi da ita, da Turancin buroka na titi, da Ingilishin makaranta. Daga cikin ukun nan, na ƙarshe kaɗai aka yarda ya yi aiki da shi a aji, alhali shi ne mafi rauni a bakinsa.

"Get" da "Samu" da "Obtenir"

Tun a firamare ake gaya wa yaro cewa ma'anar "get" ita ce samu. Da ya zo sakandare ya buɗe ɗan ƙamusun aljihu na Ingilishi da Faransanci, abin da zai fara gani a gaban "get" galibi shi ne "obtenir". Shi ke nan sai ya ƙulla su uku a zuciyarsa, ya ɗauka kalma ɗaya ce ta sake riga sau uku. A wasu wurare kuwa ƙullin yana yi masa aiki:

1. He got a scholarship. Ya sami tallafin karatu. Il a obtenu une bourse.

Amma mu dubi waɗannan:

2. She got a letter. Ta sami wasiƙa. Elle a reçu une lettre.
3. She got better. Ta sami sauƙi. Elle va mieux.
4. She got pregnant. Ta sami ciki. Elle est tombée enceinte.
5. He got five years. An ɗaure shi shekara biyar. Il a été condamné à cinq ans de prison.

A jimla ta 2 zuwa ta 4 "samu" ta bi "get", amma "obtenir" ta tsaya a baya. A ta 5 ita ma "samu" ta tsaya. Watau filin "get" ya fi na "samu" faɗi, na "samu" kuma ya fi na "obtenir". Dalili kuwa shi ne, "obtenir" tana ɗauke da ma'anar nema da so: mutum ya nemi abu, ya yi ƙoƙari, ya kai gare shi. Saboda haka yaron da ya rubuta "il a obtenu cinq ans de prison" ya ce ke nan mutumin ya yi ta fafutuka har Allah ya ba shi sa'a aka ɗaure shi. A aji abin dariya ne. A bakin tafinta a kotu, ko a takardar asibiti da za a ba majinyacin da ya zo daga Maraɗi ya koma da ita, ba abin dariya ba ne. Ban da wannan ma akwai bambancin daraja: "get" kalmar hira ce, "obtenir" kuwa ta takardar ofis ce, don haka ko inda ma'ana ta dace, sau da yawa "avoir" ko "trouver" sun fi kama da maganar mutane.

Sauyin Hali

Babban aikin "get" na biyu shi ne ta zo gaban sifa ta nuna an fita daga wani hali an shiga wani. A nan ne muke yawan cin karo da jimloli irin su "il a obtenu fatigué", wanda ba Faransanci ba ne sam, ko kuma "il est devenu fatigué" daga wajen yaron da ya ɗan fi wayo. Wannan na biyu daidai yake da mutum ya ce "ya zama gajiyayye": ba a karya nahawu ba, amma ba wanda zai faɗi haka in ya dawo daga gona. Bahaushe cewa yake "ya gaji". Ma'anar sauyin tana cikin aikatau ɗin kansa, ba ya bukatar wata kalma ta jawo ta. Haka Bafaranshe yake yi. Inda Ingilishi ya haɗa "get" da sifa, harsunan nan biyu sukan kawo aikatau guda: tsufa da "vieillir", rame da "maigrir", warke da "guérir", fusata da "se fâcher", ɓata da "se perdre", shirya da "se préparer". Ba mu ce "devenir" ba ta da wurinta ba. "Il est devenu riche" magana ce mai kyau, kamar yadda "ya zama mai kuɗi" take. Abin lura shi ne, kunnen Hausa yana iya gaya wa yaro inda "zama" ta zauna daram da inda ta yi gingiringim, kuma sau da yawa hukuncin nan yana dacewa da na "devenir".

Har ila yau, wannan "se" da ke rikita yara, akwai inda Hausa take haska ta. Aikatau masu ƙarewa da -u, waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai cikin rabe-raben da ya yi a 1960, sukan tsaya a gurbinta: tara da taru su ne "rassembler" da "se rassembler", raba da rabu su ne "séparer" da "se séparer", gyara da gyaru su ne "arranger" da "s'arranger". Yaron da aka ba "they got together", in ya fara cewa "sun taru" a zuciyarsa, ya riga ya ji cewa ba "tara" ba ce, saura kawai a nuna masa cewa abin da Hausa ta yi da wasalin ƙarshe Faransanci da "se" yake yin sa.

Motsi

A nan ne kusancin ya fi fitowa fili, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Ingilishi yakan ɗauki "get", wadda ita kanta ba ta nuna gabas ko yamma, ya liƙa mata wani ɗan harafi, shi harafin ne zai faɗi inda aka dosa. Tun 1958 Vinay da Darbelnet, a littafinsu na kwatanta salon Faransanci da na Ingilishi, suka nuna cewa mai fassara sai ya yi musanya, ya ɗauke ma'anar da ke cikin harafin ya mayar da ita cikin aikatau na Faransanci. A 1985 kuma Leonard Talmy ya raba harsuna bisa wannan hali: masu sa alƙibla cikin aikatau, da masu rataya ta a gefe. Idan muka jera misalai za mu ga gefen da Hausa ta faɗa:

6. get in, shiga, entrer
7. get out, fita, sortir
8. get on, hau, monter
9. get off, sauka, descendre
10. get up, tashi, se lever
11. get to, isa, arriver
12. get across, ƙetare, traverser
13. get back, koma ko dawo, retourner ko revenir

Musanyar nan da Vinay da Darbelnet suka wahala wajen bayyana wa mai jin Ingilishi, Bahaushe ba ya bukatarta. Da kalmominsa da na Bafaranshe ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. Mun sha ganin ɗalibinmu mai gwajin koyarwa ya cika allo da bayanin yadda "off" take zama "descendre", yara suna kallonsa, alhali da ya ce "sauka" da magana ta ƙare. Misali na 13 ma ya ƙara nuna wani abu. Ingilishi bai damu ba ko komawar ta nufo mai magana ko ta yi nesa da shi, amma Faransanci ya damu, Hausa ma ta damu, har ta fi shi, tun da tana da -o na aji na shida da take liƙa wa kusan kowane aikatau: shigo, fito, sauko, iso. Yaron da ya san bambancin koma da dawo ba shi da dalilin rikita "retourner" da "revenir", sai fa in an hana shi tunawa da abin da ya sani.

Akwai kuma wata fa'ida da ba mu ga littattafan da ke hannun yaranmu sun yi amfani da ita ba. Kowa ya san wahalar da ake sha wajen zaɓen aikatau mataimaki a shuɗaɗɗen lokaci na Faransanci. Ana haddace wa yara cewa "sortir" da "descendre" da "rentrer" da "monter" da "être" suke tafiya, sai kuma wata rana su gamu da su tare da "avoir", su rasa na kamawa. Ingilishi ba ya taimakonsu, domin "get out" ɗaya ce ko mutum ne ya fita ko fitar da wani abu ya yi. Ga yadda Hausa take raba su:

14. He got out. Ya fita. Il est sorti.
15. He got the car out. Ya fitar da mota. Il a sorti la voiture.
16. She got down. Ta sauka. Elle est descendue.
17. She got the load down. Ta saukar da kaya. Elle a descendu la charge.
18. He got the goats in. Ya shigar da awaki. Il a rentré les chèvres.

Watau duk inda Hausa ta kawo -ar da na aji na biyar, "avoir" ce za ta zo. Wannan ba ta maye gurbin ƙa'idar asali ba, wadda ta ce karɓau ne yake jawo "avoir", domin akwai irin su "il a monté l'escalier", ya hau matakala, inda ba -ar da amma ga karɓau. Duk da haka ƙofa ce mai sauƙin shiga, kuma yaro ɗan aji ɗaya yana iya gwada ta da kansa ba tare da ya san ma'anar kalmar karɓau ba.

Sa Aiki da Ɓoye Aikau

Sauran ayyukan nahawu na "get" ba za su tsayar da mu ba, domin hanyar ɗaya ce. Idan ta nuna sa wani aiki, "sa" ce a Hausa, "faire" a Faransanci: "I got him to repair the car", na sa shi ya gyara motar, "je lui ai fait réparer la voiture". Idan ta ɓoye wanda ya yi aikin, kamar a "he got arrested", Bahaushe zai ce "an kama shi", Bafaranshe kuma yana da "on l'a arrêté", ban da "il s'est fait arrêter". Wannan "on" da "an" tamu kusan aikinsu ɗaya, Ingilishi ne ba shi da takwararsu mai sauƙin faɗi. Idan kuwa tilas take nunawa, "I have got to go" ita ce "dole in tafi", ita ce "il faut que je parte". Sigar aikatau da ake tsorata yara da ita bayan "il faut que", ga irinta nan a bakinsu kullum bayan "dole".

Dunƙulalliyar Magana

Abin da muke nufi da dunƙulalliyar magana shi ne jerin kalmomin da ba a gane ma'anarsu ta hanyar tsinka su ɗaya-ɗaya. "Get" tana da su birjik, kuma a nan ba za mu ce Hausa da Faransanci suna tafiya tare ba. Kowane da tasa hanyar. Jefi-jefi Ingilishi da Faransanci sukan dace, kamar "get wind of" da "avoir vent de", duk iska suka kama, inda mu muke cewa an ji ƙishin-ƙishin. Amma a dubi "he got cold feet". Yaro zai rubuta "il a eu froid aux pieds", ya mayar da tsoro ya zama muku-mukun hunturu. Abin sha'awa, harsunan uku duk sun danganta sanyi da karaya, sai dai kowane da gaɓar da ya ɗora wa. Bature na Ingila a tafin ƙafa ya sa shi. Bahaushe a gwiwa, ya ce gwiwarsa ta yi sanyi. Bafaranshe kuwa a ido, shi ma ta hanyar korewa, domin in ya ce wane "n'a pas froid aux yeux" yana nufin ba shi da tsoro. Fassarar da ta dace a nan ita ce "il a pris peur", ko "il s'est dégonflé" in hira ce.

Amfanin Hausa a wannan wuri na daban ne. Ita ce ma'aunin da zai nuna ko yaro ya fahimci maganar kafin ya taɓa ta. Wanda ya iya cewa "they get on well" ita ce "suna shiri" ko "suna ɗasawa", zai nemi "s'entendre" a ƙamus. Wanda ya san "get rid of" rabuwa da abu ce, zai kai ga "se débarrasser de". Wanda ya san "get by" lallaɓawa ce, ya kusa da "se débrouiller". Wanda kuwa ya kasa faɗinsu da Hausa, to, bai gane Ingilishin ba tun farko, kuma ba ƙamusun da zai cece shi.

Ci da Sha

Hanya mafi sauri ta nuna wa yaro cewa aikatau ɗaya na iya ɗaukar ma'ana barkatai ita ce a juya masa madubi. Muna da namu "get", har guda biyu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun ba "ci" da "sha" fili mai yawa, kuma wani abin lura shi ne, da Faransanci aka yi ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen farko a kansu, watau maƙalar Claude Gouffé ta 1966 a kan ci da sha a Hausa. A tambayi aji: in an ce wane ya ci amana, ko ya ci bashi, ko ya ci gado, ko ya ci sarauta, za ku sa "manger"? In an ce ya sha iska, ya sha taba, ya sha alwashi, za ku sa "boire"? Nan take za su yi dariya, kuma dariyar nan ita ce darasin. Daga ranar ba sa sake yarda cewa don kalma ta zo ta farko a ƙamus ita ce amsa.

Abin bai tsaya ga misali kawai ba, domin ci da sha suna raba wani yanki na filin "get" gida biyu. A 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna cewa idan aka faɗaɗa ma'anar "ci" takan karkata ga rinjaye, ta "sha" kuma ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Idan muka ɗora wannan a kan matsalarmu sai mu ga "he got the prize" ya ci kyauta ne, Faransancinsa kuma "gagner" ko "remporter". "He got a beating" ya sha duka ne, Faransancinsa "recevoir" ko "subir". Wanda ya sha kaye kuma "il a essuyé une défaite". Ƙa'idar tana da ɓaraka, tun da mukan ce ya ci duka, ya ci wuya, amma a matsayin jagora ta wadatar. Ita ce ma take tsare yaro daga sanannen tarkon nan na "passer un examen", wanda zaman jarrabawa kawai yake nufi. Ingilishi da "pass" ɗinsa shi yake jefa shi ciki. Hausa kuwa ta raba zama da ci, kamar yadda Faransanci ya raba "passer" da "réussir".

Ina Laifin Yake?

Laifi na farko na kayan aiki ne. Manyan ƙamusoshi, irin su Collins-Robert da ya fara fitowa a 1978, sun rarraba ma'anonin "get" dalla-dalla da misalai, amma an tsara su ne domin wanda ɗaya daga cikin harsunan biyu nasa ne, wanda zai dubi jerin ya san wadda yake nema. Yaronmu baƙo ne a duka ɓangarorin. Ƙananan na aljihu kuwa, waɗanda su ne kuɗinsa ke iya saye, sukan jero kalmomi huɗu ko biyar ba misali, ya ɗauki ta farko ya wuce. Ba kuma za a ce babu ƙamusun da ya haɗa Hausa da Faransanci kai tsaye ba: akwai na Bernard Caron da Ahmed Amfani na 1997, akwai kuma Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini da aka buga a Yamai. Ba mu taɓa tarar da ɗayansu a teburin malamin Faransanci a makarantun da muke zagayawa ba. Wayar hannu ta ƙara wa abin wani salo. Tun 2013 Hausa ta shiga na'urar fassara ta Google, kuma sau da yawa na'urar takan ba da jimlar Faransanci mai kyau, sai dai ba ta faɗin dalili, ba ta kuma shiga ɗakin jarrabawa.

Laifi na biyu namu ne, mu masu horar da malamai. Mun gaji ra'ayin cewa harshen gida "banakula" ne, abin da ake cin yaro tara in ya yi, muka miƙa wa ɗalibanmu ba tare da mun auna shi ba. Wannan kuwa a garin da ya daɗe da sanin aikin fassara. Tafintocin Majalisar Jihar Arewa a zauren Lugard, da masu fassara labarai a gidan rediyon Kaduna tun kafa shi a 1962, da ma'aikatan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita daga Zariya a 1939, da a ce "samu" suka riƙa sawa duk inda suka ga "get", da ba wanda ya saurare su.

Za a ce mana hanyar zamani ita ce a koyar da Faransanci da Faransanci, ba fassara. Mun yarda da kyawun wannan inda hali ya yi. Amma a gaya mana ajin da ake yin haka. Abin da muke gani shi ne malami yana bayani da Ingilishi, jerin kalmomin bayan littafi da Ingilishi, tambayoyin aikin gida da Ingilishi. Fassara dai ana yin ta; gadar da aka zaɓa ce ake magana. Za a kuma ce ba duk yara ne Hausawa ba, malamin ma sau da yawa daga kudu ya zo ko daga wata ƙasa maƙwabciya. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a mayar da darasin Faransanci na Hausa ba. Abin da muke nema ƙarami ne: kafin a taɓa ƙamus, malami ya tambayi aji yadda za a faɗi jimlar da harshen gida. A Tudun Wada ko bai ji Hausa ba yaran za su ba shi amsa, sa'an nan a nemi Faransancin wannan amsa.

Wajibi ne kuma mu faɗi inda gadar take yankewa. "Get me the book" da "get me the doctor" duk "kawo" ko "kirawo" za su iya ɗauka, kuma "kawo" ba ta bambanta mutum da kaya, alhali Faransancin makaranta yana son "apporter" ga kaya, "amener" ga mutum. Haka nan a "he got malaria", Bafaranshe shi yake kama cutar, "il a attrapé le paludisme", mu kuwa cutar ce take kama mu. Irin waɗannan sai an koyar da su ɗaya-ɗaya.

"Gagner" da Turancin Buroka

Saura wata matsala da ta fi shafar unguwa irin Tudun Wada. A Turancin buroka "get" mallaka take nunawa: "I get money" ina da kuɗi ke nan, ba wai na samo su ba. Yaron da ya ɗauko wannan daga titi, in aka ba shi "I get my salary on Friday" yana iya ɗaukarta mallaka, in kuma yana nufin mallaka ya rubuta "j'obtiens de l'argent". Tambayar nan ta Hausa ita ce dai take warware shi: "ina da" ne ko "nakan karɓa"?

A ɗaya gefen kuma, Faransancin da ake yi a titunan Afirka ta Yamma ya ƙirƙiro nasa "get". Kalmar "gagner", wadda a Faransa cin nasara ko samun kuɗin aiki take nufi, ta faɗaɗa har ta kusa cike filin "samu": akan ji "gagner un enfant", "gagner du travail", har "gagner une maladie". Masu tattara kalmomin da suka keɓanta da Faransancin Afirka sun daɗe da rubuta irin wannan, musamman a babban kundin da suka fitar a 1983. Yaran da iyayensu suka zo daga Nijar sukan shigo aji da wannan, kuma sau da yawa sun fi sauran sakin baki. In ɗayansu ya juya "my sister got a baby" ya rubuta "ma sœur a gagné un enfant", ɗalibanmu masu gwajin koyarwa sukan ja masa jan biro daidai da wanda ya rubuta "a obtenu". A ganinmu ba daidai ba ne a haɗa su. Na biyun ya faɗi abin da ba mai faɗi a ko'ina. Na farkon ya faɗi abin da za a gane a kasuwar Maraɗi, sai dai mai gyaran jarrabawa ba zai karɓa ba. Abin da ya kamata a rubuta masa a gefen takarda shi ne "a eu un enfant" ko "a accouché", tare da bayanin cewa tasa ta kasuwa ce, wannan ta takarda, kamar yadda shi ma ya san Hausar da yake yi da abokansa a bakin layi ba ita yake rubutawa a wasiƙar neman aiki ba.